Rage Hanyar da Na Yi wa Ƙanena

Wauta dai na tafka ta kala-kala a rayuwata, kuma ban cika ɓoyewa ba. Na taɓa sayen jaki mai ido ɗaya a kasuwar Ƙanƙara, ina ta murna na yi wa mai shi wayo, sai da muka kamo hanyar gida ya riƙa karo da itatuwa na gane ashe ɗaya idon ma na ado ne. Na taɓa shafa man birki a gwiwa saboda wani direba ya rantse mani maganin sanyin ƙashi ne. Irin waɗannan in na ba da labarinsu a majalisa har kwanciya ake yi don dariya, ni ma ina taya su. Amma akwai guda ɗaya da ban taɓa bayarwa a majalisa ba. Ita zan rubuta a nan da ɗan guntun bokon nan nawa na aji uku, wanda in malamin da ya koya mani ya gani zai rantse bai san ni ba. Likita ya ce wa ƙanena ya riƙa tafiya da ƙafa kullum saboda numfashinsa da ke ɗaukewa cikin barci, ni kuma na bi shi da mashin ina ɗauko shi daga hanya, ina ganin zumunci nake yi.

Mu biyu ne maza a ɗakin tsohuwarmu, shekara huɗu na ba shi. A Mairuwa aka haife mu, nan muka yi aure, zaure ɗaya muke shiga, shi sashensa ni sashena. Tun da mahaifinmu ya rasu ni na zama uba, ko da yake duk wanda ya san mu ya san ya fi ni hankali nesa ba kusa ba. Ni ne mai baki, shi ne mai aiki. Hatsi muke saye muna sayarwa, masara da dawa da waken suya. Muna samari da ƙafa muke shiga ƙauyuka da jakuna, mu ɗaga buhu mu biyu kamar wasa, cikinmu a shafe kamar na karen farauta. Da Allah ya buɗa muka sayi mashin kowa da nasa, muka kama shago bakin titi, muka sauke farali. Sai ƙafa ta huta, ciki ya fito, wuya ya haɗe da haɓa. A wajenmu wannan shi ne ake cewa Alhaji ya murmure.

Minshari kuwa gadonmu ne. Lokacin da muke zuwa Damari sayen masara da kaka mu kwana zauren mai masaukinmu, sauran fatake kan naɗe tabarminsu su koma waje, su ce sun gwammace sauro. Ni nawa in ji su kamar injin niƙa ne, in ya tashi ya miƙe ke nan. Nashi daban yake. Sai ya ja, ya ja, ya ja, sannan ɗif. Ka ga ƙirjin yana kokawa amma iska ba ta shiga. Ka ƙirga har ka fara tsorata, sannan ya fizgo numfashi da wani gurnani kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ya juya ya ci gaba. Da safe in an gaya mashi sai ya yi murmushi ya ce bai san an yi ba. Muka ce dannau ne, aljanin nan mai danne mutum cikin barci. Aka sha rubutu, aka yi turare, aka sa wuƙa ƙarƙashin matashi. Ni ne ma na ce duk dannau ɗin da ya iya danne wannan ƙaton ya cancanci a naɗa mashi rawani.

A hankali abin ya fito rana. Mutum ya kwana yana barci amma ya tashi da ciwon kai, idanu jajur kamar wanda ya kwana gadi. Ana cikin awo tiya na hannunsa sai ka ga kansa ya langaɓe. Ranar Juma'a ba ya kai rabin huɗuba, har na koma zama kusa da shi don in riƙa zungurarsa da gwiwar hannu kafin ya ba mu kunya a sahun gaba. Abin da ya tada hankalin matarsa shi ne ranar da barci ya sace shi a kan mashin a hanyar Sabuwa, da rana tsaka, ya farka ya gan shi cikin kwalbati da karyayyen madubi da goshi a fashe. Ita dai ba ta yi mani magana kai tsaye, don tsakanin mace da yayan mijinta akwai kunya. Sai ta aiko mai ɗakina ta gaya mani, ta ce don Allah a kai shi asibiti. Na kai shi wani asibiti a Zariya.

Likitan saurayi ne, bai fi sa'ar ɗan farina ba, amma ya iya zama da manya. Ya auna jininsa ya ce ya hau sosai. Ya leƙa maƙogwaronsa da fitila, ya sa tef ya auna wuyansa kamar tela zai ɗinka mashi riga. Aka sa mu kwana, aka liƙa mashi wasu wayoyi. Washegari ya zaunar da mu ya yi bayani da Hausar da ko ni na gane. Ya ce in mutum ya yi barci naman maƙogwaro yana saki, in kuma kitse ya yi yawa a wuya sai hanyar iska ta rufe kamar an murɗe bakin buhu. Zuciya ta yi ta dukan banza tana neman iska, har jiki ya firgita ya buɗe. Ya ce wannan yana faruwa da ƙanena sau da yawa kowane dare, kuma zuciya ba ƙarfe ba ce.

Ya ce akwai wani inji da ake ɗaura wa mutum a hanci yana hura mashi iska har safe, amma yana son wutar lantarki wadda ba ta yankewa. Na ce likita, wutarmu ai baƙuwa ce, ko ta zo ba ta kwana. Ya yi dariya ya ce to a fara da abin da ke hannu. Ya rubuta maganin hawan jini. Ya ce a rage tuwon dare da mai da shayi mai kauri. A daina kwanciya rigingine. Ya koya mashi wasu motsi na harshe da maƙogwaro da zai riƙa yi safe da yamma. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce babban abin shi ne tafiya, kullum, da sauri, har sai gumi ya karyo, ba irin tafiyar zuwa ɗaurin aure ba. Da za mu fita ya dube ni ya ce, “Alhaji, kai ma wuyan nan naka ban yarda da shi ba.”

Na ce, “Likita, ni rakiya na zo. In ka fara duba 'yan rakiya babu mai sake rako maka kowa.”

Ƙanena mutum ne da in aka ce mashi yi, sai ya yi. Matarsa ta ɗinka aljihu a bayan rigar barcinsa ta cusa ƙwallon goruba biyu, don da ya mirgina rigingine su soke shi ya koma gefe. Wata safiya na shigo zaure na tarar da shi ya fuskanci bango yana zaro harshe yana mayarwa, yana cewa aaa kamar akuyar da ta haɗiye ƙashi. Na yi salati na ce dannau ya bar dare ya dawo safe. Ya rufe baki yana dariya ya ce, “Yaya, ka bar ni in yi maganina.” Kwana uku ina ba da wannan labarin a shago.

Tafiyar ce ta zama magana. Da a ce zamanin da ne, sai ya bi hanyar gona bayan sallar asuba ya yi ta tafiya har ya gode Allah, babu mai ganinsa sai tsuntsaye da makiyaya. To amma tun da daji ya lalace babu mai hankalin da zai nausa bayan gari shi kaɗai da sanyin safiya, balle mutum irinsa da aka san yana da shago. Hanya ɗaya ta rage, bakin titi. Daga ƙofar gidanmu ya wuce masallaci, ya wuce mai shayi, ya wuce tasha da masu ƙosai, ya kai mararrabar hanyar dam ya juyo. Wato ta gaban idon gari kaf.

Wanda bai zauna cikinmu ba ba zai gane ba. Mu nan ba a barin dattijo mai furfura yana tafiya ƙasa. In kana kan mashin ka hango shi ka wuce, to ba ka da tarbiyya, kuma sai an gaya wa ubanka. Dole ka tsaya ka ce Baba zo in rage maka hanya. Kafin ƙanena ya kai tasha sai mashin shida sun tsaya. Kowa ya ce mashi na gode, motsa jini nake. Su ce to Alhaji, Allah ya sawwaƙe, su wuce suna waige. Mutum da mashin a gida, ga lafiyar ƙafa, ga rufin asiri, ya fito da sassafe yana sauri yana gumi ba tare da wurin zuwa ba. A garinmu mutum biyu ke yin haka, wanda kansa ya taɓu da wanda arziƙinsa ya karye.

Duk da haka ya yi kusan wata biyu yana yi. Wannan wurin ina so in rubuta shi da kyau, don shi ne wurin da nake tsallakewa in ina ba kaina labarin. Abin ya fara yi mashi amfani, kuma na gani da idona. Ya kai ƙarshen huɗuba sau uku a jere ban zungure shi ba. Mazugin wandonsa ya ƙara tsawo. Mai ɗakina ta ce matarsa ta ce ɗaukewar numfashin ta ragu, har takan samu ta runtsa ita ma. Na ji duk wannan. Na ce madalla.

Sai wata safiya ina zaune wurin mai shayi, ga shi nan ya taho zai wuce, hula a tsakar ka, riga ta jiƙe a baya. Akwai wani taubashinmu, ɗan ƙanwar mahaifinmu, wanda tsakanina da shi ba a raga wa juna tun muna yara. Ya ajiye kofi ya ɗaga murya yadda har masu lodi a tasha za su ji.

“Kai Alhaji babba, ka ji tsoron Allah! Ka cinye shagon, ka cinye mashin ɗin, yanzu kuma ka sa bawan Allah shina sintiri kamar ɗan sanda. Ko takalmin ka bar mashi halan?”

Aka kwashe da dariya. Na ce, “Rufa mani baki, kai da jakinku ma aro ne.” Aka sake dariya, na ci wasan a ganina. Amma maganar ta zauna mani a ƙirji kamar ɗanyen wake.

Bayan kwana biyu wani dattijon unguwarmu, abokin mahaifinmu ne, ya riƙe hannuna bayan sallar la'asar ya ja ni gefe. Ba wasa a fuskarsa. Ya ce, “Ɗana, mutane na magana. In wani abu ya samu ɗan'uwanka a kasuwa, ku rufa wa juna asiri. Mahaifinku bai taɓa barin nasa a ƙasa ba.” Na ce Baba wallahi likita ne ya sa shi. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya ji ƙarya amma ya yafe, ya ce, “To, Allah ya kyauta.”

Ban yi shawara da kowa ba. Washegari na bari ya fita, na tada mashin na bi bayansa. Na cim mashi daidai gaban mai shayi, kuma da gangan na zaɓi wurin. Na sha gabansa na taka birki.

“Hau.”

Yana haki ya ce, “Yaya, ai ban kai mararraba ba.”

“Na ce ka hau.”

“Likita fa ya ce…”

“Likita a Zariya yake kwana. Ni nan nake kwana, ni ake zagi. Hau mu tafi.”

Ya dubi mutanen da ke kan benci, duk suna kallonmu. Ya dube ni. Tun yana yaro bai taɓa yi mani musu a gaban mutane ba, kuma na san da haka, da shi na dogara. Ya share gumi da hannun riga, ya ɗaga ƙafa ya hau. Mashin ya nutse. Taubashin nan ya tafa ya ce yau ga zumunci. Na zagaya da shi ta cikin tasha don kowa ya gani, na tsaya na saya mashi ƙosai da kunu mai sukari, sannan na sauke shi ƙofar gida kamar ango.

Da abin ya tsaya a rana ɗaya da sauƙi. Washegari ya sake fita, na sake kamo shi. Ya koma fita kafin gari ya waye sosai, na koma ina sallame salla ina zaro makullin mashin. Ya canja hanya ta bayan makarantar firamare, masu ƙosai suka nuna mani da baki. Ni fa har daɗin abin na fara ji, ya zama mani kamar farauta. In na shigo shago sai in ce yau a bakin famfo na kama shi, yau ya kusa tsere mani. Ana dariya, shi ma yana murmushi yana ɗinke bakin buhu. Sau ɗaya kawai ya yi mani magana, mu biyu a zaure. Ya ce, “Yaya, wallahi in na yi tafiyar nan ina jin daɗin jikina.” Na ce to ka yi ta a cikin gida mana, wa ya hana ka?

Ya gwada. Tsakar gidansa taki goma sha ɗaya ce daga bakin rijiya zuwa turken awaki, na taɓa ƙirgawa daga baya. Ya yi ta kai da kawowa tsakanin kaji da turmi da igiyar shanya, matan gida na kauce mashi suna ƙunshe dariya. Bai yi sati ba ya bari. Ban san ranar da ya daina fita ba ma. Na dai lura wata safiya na tada mashin na zagaya gari ban same shi ba, na dawo na tarar da shi zaune a zaure yana gyangyaɗi da tasbaha a hannu. Na ce a raina to, magana ta ƙare. Gari ma ya yi shiru, aka koma maganar wani.

Damina ta wuce, wandon ya koma yadda yake, na koma zungurarsa ranar Juma'a.

Ranar da abin ya faru da kaka ne, masara ta cika shago har bakin ƙofa. Mun yi azahar, mun ci abinci, ya ce bari ya ɗan miƙe. Ya shiga ciki ya kwanta kan buhuna kamar yadda ya saba. Rigar shago ce a jikinsa, ba ta da aljihun goruba. Ni ina waje kan benci da mutum huɗu, ina ba su labarin wani ɗan kamasho da ya faɗa cikin buhun barkono. Minsharinsa na fitowa daga ciki, mun saba, kamar ƙarar injin mai faci ne a kunnenmu. Ya ja, ya ja, sannan ɗif.

Na ji shirun. Kada in yi wa kaina ƙarya a takarda, na ji shi. Shekara arba'in kunnena ya san wannan shirun, yana kuma jiran gurnanin da ke biyo baya. Bakina na ba da labari, wani wuri a cikin kaina yana ƙirge. Na wuce inda ya saba dawowa. Na kai wurin da ɗan kamashon ya fito yana atishawa, wurin da ake dariya, ban so in ɓata shi ba. Na ƙarasa labarin. Aka yi dariya. Sai da dariyar ta lafa na ce bari in ga mutumin nan.

Yana rigingine, baki a buɗe, hannu ɗaya ya sauko yana taɓa ƙasa. Na kira shi da sunan da tsohuwarmu ke kiransa. Na girgiza shi. Na zungure shi da gwiwar hannu kamar a masallaci.

A wurin zaman makoki kowa ya zo sai ya ce kyakkyawan ƙarshe. Da alwalarsa, ya yi salla, ya kwanta, ba jinya ba wahalar da kowa. Na amsa na ce haka ne. Kuma na yarda har zuciyata cewa kwana in ya ƙare ya ƙare, ko mutum na tafe ko yana kwance. Na je makarantar allo, wannan ko ban iya komai ba na iya shi. Dattijon nan abokin mahaifinmu ya dafa kafaɗata ya ce, “Ka riƙe shi har ƙarshe, Allah ya saka maka.” Taubashina ya zo ya zauna kusa da ni kwana uku bai ce uffan ba, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi.

Bayan an yi arba'in mai ɗakina ta ce tana da magana. Ta ce ta daɗe tana ɓoye mani, amma nawa minsharin ma ya daina miƙewa, ya fara yankewa. Ta ce takan zauna ta zuba mani ido, in shirun ya yi tsawo ta ture ni da ƙafa. Na buɗe baki zan yi wasa, wasan bai zo ba.

Na koma Zariya ni kaɗai. Likitan ya gane ni, ya ce, “A'a, ɗan rakiya! Ina mutumina?” Na gaya mashi. Ya ajiye biro ya yi mashi addu'a. Can ya ce, “Ya samu yana tafiyar kuwa?” Na ce ya ɗan yi. Ya ce ba wanda zai iya cewa ga abin da zai faru da an yi kaza, ciwon ya riga ya yi nisa, kuma tafiya taimako ce, ba ta ɗaure wa kowa rai. Na san lallashina yake yi, don bai san wanda ke zaune gabansa ba. Ya auna wuyana da tef ɗin nan, aka liƙa mani wayoyin, ya maimaita mani duk abin da ya gaya wa ƙanena, ɗaya bayan ɗaya, ina jin su kamar ana karanta mani takardar laifina.

Yau shekara biyu ke nan ina tafiya. Daga ƙofar gida, masallaci, mai shayi, tasha, masu ƙosai, mararrabar dam, in juyo. Mai ɗakina ta ɗinka mani nawa aljihun. Ina fuskantar bangon zaure in zaro harshe in ce aaa, in wani ya shigo in yi kamar hamma nake. Cikin ya ɗan sauka, ba sosai ba, don ni da tuwo akwai amana. Mai ɗakin nawa ta ce shirun ya ragu amma bai tafi ba.

Masu mashin suna tsaya mani kamar yadda suka tsaya mashi. Baba zo in rage maka hanya. Sai yanzu na san nauyin cewa a'a ga mutumin da ya tsaya don ya girmama ka, sau shida, sau bakwai, kowace safiya. Ni da yake bakina ba shi da linzami sai in ce wuce, mashin ɗinka ba zai iya da ni ba, ko in ce bashin ƙafa nake biya. Gari ya yi maganarsa, an ce mutuwar ɗan'uwa ta taɓa Alhaji babba. Ban damu ba. Abin da na gano a hanyar nan shi ne duk garin babu wanda zai sha gabana ya ce hau in hau dole. Ni ne babba. Ba ni da yaya.

Akwai wani wuri bayan tasha, inda shaguna suka ƙare kafin mararraba, da hanya kan yi shiru. Nan ne ba na so. In na kai wurin ina haki sai in ji kamar hakin biyu ne, nawa da wani a bayan kafaɗata ta hagu. Ba na waigawa. Wani lokaci kuma in ji mashin ya taho daga baya yana rage gudu, sai bayana ya yi sanyi tun kafin ya iso, don ƙarar tana kama da ta nawa, wanda ke jingine a zaure ƙura ta rufe shi. Nakan tsaya in jira in ji muryar da za ta ce hau. Sai in ga wani ne daban, ya gaishe ni da ladabi.

Matar ƙanena ta gama takaba ta zauna a sashenta da 'ya'yanta, ta ce ba ta zuwa ko'ina. Kullum za ta gaishe ni daga bakin ƙofa, a durƙushe, kai a ƙasa, kamar yadda ta yi shekara talatin. Ba ta taɓa ce mani komai a kan tafiyar ba, ta mijinta ko tawa. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Wata safiya cikin bazarar da ta wuce na dawo a jiƙe, na zube kan dakalin zaure ina maida numfashi. Mai ɗakina ta tafi suna, sai ita ta kawo mani ruwa a kwanon sha, ta ajiye ta koma bakin ƙofa ta durƙusa. Ban san abin da ya kai bakina ba. Ina jin so nake wani ya ce mani ba komai, kuma duk duniya ita kaɗai ce in ta faɗa zai shiga. Na sha ruwan na ce, “Kai, tafiyar nan akwai wuya. Shi ma marigayi haka ya yi ta fama. In na same shi a hanya da ƙyar yake ɗaga ƙafa, duk ya galabaita. Shi ya sa ma nake ɗauko shi.”

Ta miƙo hannu ta ɗauki kwanon, ta zubar da sauran ruwan a gindin bango. Ba ta ɗago kai ba, kuma muryarta ba ta canja ba.

“Ai bai taɓa gajiya ba, Yaya. Kullum in ka sauke shi sai ya ce mani saura kaɗan ya kai. Kunyarka kawai yake ji.”